Gem Ɗin Ɓarawo A Hannun Ƙannenmu

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, magana ce a kan wayar da muke miƙa wa ƙannenmu don su yi shiru mu samu mu gama wanke-wanke.

A nan Dingaya, kai har Birnin Kudu da Gwaram, na sha ganin yara sun haɗa kai a zaure suna buga wani gem, ɗaya na latsawa saura na ba shi shawara cikin raɗa, wai kada mai gida ya ji. Sunansa Robbery Bob, ya fito a 2012. Zane ne irin na ban dariya. Bob ɓarawo ne da aka tilasta wa ci gaba da sata, yaro shi ke tuƙa shi. Zai yi sanɗa ya shiga gidan mutane, ya laɓe in mai gadi ya taho, ya kauce wa kare, ya kwashi kaya ya sulale. In ya kwashe tas ba a gan shi ba, sai a ba shi taurari.

To ya dace da yara? Wallahi ni ba na cikin masu cewa duk yaron da ya buga shi gobe zai haura katanga. Mu marubuta mun san zafin irin wannan zargi, don a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata, wai suna ɓata tarbiyya. Kuma tun kaka da kakanni ana ba yara tatsuniyar Gizo, wanda sata da zamba ne sana'arsa, ba mu zama ɓarayi ba.

Amma fa akwai bambanci, shi ne ya hana ni sakin jiki. Tatsuniya a bakin tsohuwa take, ita ke juya ta, sau da yawa kuma Gizo kunya yake sha a ƙarshe. A gem babu tsohuwa, yaron shi ne Gizon da kansa. Hausawa suka ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, to a nan mai kaya ba shi da rana. In aka kama ka sai ka danna ka sake daga farko. Ba za a nuna maka matar da ta tashi da asuba ta tarar an kwashe kayan ɗakinta ba, kwalla da samiru da uwarta ta yi shekaru tana adashi kafin ta tara. Allah sarki! Duk wadda aka taɓa yi wa sata ta san ba kayan kaɗai ke tafiya ba, har barcin dare, har yarda da maƙwabci.

Sannan ba duka gem ɗin sata ne ɗaya ba. Bob wasan yara ne in aka kwatanta shi da Thief Simulator da aka yi a ƙasar Folan a 2018. Wannan sai ka tsaya ka karanci gida, yaushe masu shi ke fita, yaushe suke dawowa, ka buɗe kwaɗo ba makulli, ka kai kayan ka sayar. Akwai kuma Thief, wanda ya fara fitowa a 1998 aka sabunta shi a 2014. Sabon har da shiga gidan karuwai a ciki, shi ya sa a Amurka aka rubuta masa shekara 17, a Turai 16. Turawan da suka yi shi ma ba su ce a ba yara ba.

Wannan lamba ta shekaru ita ce abin dubawa. A Play Store kowane gem yana da ita a ƙasan sunansa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Matsalarmu, yawancin yaranmu ba daga can suke samu ba. A shagon caji ake tura musu, ko aboki ya turo ta Xender, gem ya shigo waya tsirara ba lamba ba bayani, Umma kuma tana ganin zane-zane ta ɗauka katun ne.

Ke Yaya, ke ce mai karatun boko a gidan, ke ce kuma mai wayar. Ki rubuta sunan gem ɗin a Play Store ki ga lambarsa, minti biyu ya isa. Irin su Thief kam ko a kwamfutar wani yayanku suka gani a hana su. Bob kuwa ni ba na goge wa ƙannena, amma ban yarda su shige ɗaki da shi su kaɗai ba. Kusa da su nake zama ina tsintar shinkafa, in Bob ya sungumi talabijin sai in tambaya, “To na waye wannan? In na Baba ne fa?” Ƙaramin yakan ce ai wasa ne, babban kuma sai ya yi shiru ya ci gaba da latsawa.