Cutar Daji da Ƙwayoyin Gadon da Aka Rufe wa Baki

An daɗe ana ɗaukar cutar daji a matsayin gurɓacewar rubutun da ke cikin DNA, har ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Haka ne, amma akwai saura. Sau da yawa rubutun lafiyarsa ƙalau, karanta shi ne aka hana.

A jikin kowa akwai ƙwayoyin gado irin su BRCA1 da MLH1 masu gyara DNA in ya samu lahani. Wani ɗan sinadari mai suna metil yakan manne a bakinsu ya rufe su ruf. Mai gadi yana nan da ransa, amma an kulle shi a ɗaki, ɓarawo kuwa yana cin karensa ba babbaka. Fannin da ke nazarin irin wannan rufewa shi ake kira efijenetik. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa tsarin metil a ƙwayoyin daji ya sha bamban da na lafiyayyu.

Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne, irin wannan rufewa tana iya warwaruwa. Maganin azacitidine, wanda aka haɗa a Chakoslobakiya a 1964, da farko don kashe ƙwayoyin daji aka yi shi, sai illarsa ta yi yawa. A 1980 Peter Jones da Shirley Taylor suka gano yana hana metil mannewa, daga baya aka koma ba da shi kaɗan-kaɗan. Amurka ta amince da shi a 2004 don cutar ɓargo ta MDS, wadda takan rikiɗe ta zama dajin jini. Magungunan decitabine da vorinostat suka biyo baya a 2006.

Kada dai a yi saurin guɗa. Nasarar akasari a dajin jini take; a na mama da huhu da hanji, magungunan su kaɗai ba su taɓuka abin kirki ba. Ba sa zaɓe, duk inda suka samu suke buɗewa, kuma yawanci sassauci suke kawowa, ba warkewa ba.

Wani abin mamaki kuma, rufewar takan amfani majinyaci. A dajin ƙwaƙwalwa na giliyobilastoma, in metil ya toshe ƙwayar gado ta MGMT, ƙarin ba ya iya gyara ɓarnar da maganin temozolomide ya yi masa. Shi ya sa likitoci kan gwada wannan alama kafin su tsara jinya.