Ɗan Haya Ya Zama Mai Shago

'Yan'uwana mata, kullum kukan 'yan haya muke ji, yau ku saurari na mai shago. Innata da ke Isa, shago ɗaya mijinta ya rasu ya bari, da kuɗin hayarsa take ciyar da marayu huɗu. Wani mai atamfa ya kama shi da fatar baki, babu takarda. Shekara biyu ko sisi bai biya ba, ashe ma ya ba wani haya ya koma Sabon Birni! A gaban alƙali ya ce ai jingina ce. Shaidu fa? Babu. Da ƙyar dattawa suka karɓo mata makulli, kuɗi kuwa sun bi ruwa.

Don Allah, ko da ɗan'uwa ne, a rubuta, a kafa shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ishe mu darasi.