Farashin abin sha da riƙe mai ciniki a Zuru

A gidajen abinci na Faransa akan ninka kuɗin kwalbar giyar inabi sau biyu ko uku, domin a nan riba take. A Zuru, lemon kwalba da ruwan leda ke wannan aiki. Masu gidajen abinci za su ce tun cire tallafin fetur a 2023, kunna janareta don firji ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Sai dai mai cin tuwo ba ya iya lissafa kuɗin miya, amma farashin lemo ya san shi sarai, tunda shagon kusa na sayarwa. Idan ƙarin ya wuce ladan sanyi, direban hanyar Kontagora mai tsayawa kullum zai koma rumfar gaba, har da yaran motarsa.