Wa Ya Sace Giram 300 a Tukunyar Rago?

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Abu ne ya shiga tukunya da nauyin kilo ɗaya, ya fito da ƙyar ya kai giram 700. Tukunya a rufe take, ba wanda ya taɓa murfinta. Amma da masana abinci suka auna shi, sai suka ce kowace loma tasa ta fi ta ɗanyen yawan furotin, sinadarin da ke gina jiki. Ya rame, ya kuma ƙara ƙoshi. Mene ne?

Sunansa ba wuya: naman rago ne. Wuyar tana wajen kama ɓarawon.

A Mubi kuwa tambayar ta wuce raha. Kasuwar dabbobin garin ta yi suna har ƙetare, ana koro shanu da tumaki daga Kamaru da Chadi, tireloli na yin lodi su nufi Kudu. Ga Balami fari ƙal mai dogon kunne, ga Uda mai launi biyu, ga 'Yankasa. Idan Babbar Sallah ta matso, magidanci kan zazzage aljihunsa a kan rago ɗaya, don haka duk giram ɗin da ya yi ɓatan dabo gumin wani ne. To, wa za mu fara tuhuma?

Mahauci, mana. Shi ne bakin kowa ke fara kamawa. "Maigida, anya mutumin nan bai danne sikeli ba?" in ji uwargida, tana leƙa tukunya. Zargin yana da ƙafa, sai dai ba ya tafiya mai nisa. A sake auna naman a gida kafin a ɗora, a same shi kilo cif, a dafa: zai ragu. Ragon layya ma, wanda aka yanka a tsakar gida aka feɗe a gaban kowa, haka yake ƙanƙancewa. Mahauci ya kuɓuta. Saura waɗanda ke kewaya murhu.

Kowa ya san hannun nan da ke shiga tukunya da sunan ɗanɗana gishiri, da yaran da ba sa nisa da madafa ranar suya. Sai a ƙirga. Tsoka ashirin aka zuba, tsoka ashirin aka kwashe. Ba wadda ta ɓace, kowacce ce ta tsuke a inda take. Ashe ɓarawon ba ya ɗaukar tsoka. Cikinta yake shiga.

Nan ne kitse ya zo hannu, kuma shi kam akwai shaidu. Tsaya gaban mai balangu da magariba ka ga yadda kitse ke narkewa yana ɗiga a garwashi, wuta na tashi tana lasar waya. A tukunya kuma ga shi nan yana yawo a saman ruwa. Kitsen rago ma yana da wata ɗabi'a: sai zafi ya ɗara na jikin mutum yake zama ruwa, shi ya sa da ya ɗan huce yake daskarewa a dasashi, mutum ya shiga neman shayi mai zafi. To, mun kama shi? Tsaya tukuna. Sa wuƙa ka ɗaye duk farin kitsen da ido ke gani, ka bar jar tsoka zalla. Kitsen da ya rage a cikinta bai cika kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinta ba. Ka dafa. Har yanzu kusan giram 300 sun tafi.

Kitse ya yi sata, amma 'yar kaɗan. Babban yana nan. Ba shi da launi. Ba shi da wari. Tun farko yana gabanmu.

Ruwa ne.

Ɗanyar tsokar rago, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. A kilo ɗaya, furotin wajen giram 200 ne. Sauran ɗan kitse ne da ma'adinai. Zaruruwan tsoka ne ke riƙe da wannan ruwa, zafi kuma shi ke ƙwace shi daki-daki. Daga wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas furotin ɗin tsoka ya fara sauya siffa, jan nama ya fara dusashewa. Tsakanin 60 da 65, farin tantanin da ya naɗe zaruruwan, wanda masana ke kira kolajin, sai ya tsuke, ya matse tsokar kamar yadda mai wanki ke murɗe zane. An haura 70, matsi ya ƙaru, ruwa ya ci gaba da kwarara. Shi ya sa uwargida kan ɗora nama da albasa ba ta zuba ko ɗigo ba, bayan ɗan lokaci ta tarar da shi yana iyo. Ruwan jikinsa ne.

Rabin kacici-kacicin na biyu ma ya warware da kansa. Furotin giram 200 ɗin nan kusan duka yana nan, sai dai a da yana zaune cikin giram 1,000, yanzu cikin 700. Kowane giram 100 na ɗanye yana da kusan 20, na dafaffe kuwa wajen 28. Wuta ba ta ƙara komai ba, cunkusa shi ta yi. Sinadarin ƙarfe mai gyara jini da zinki ma galibinsu suna zama a tsoka, su ma su cunkushe.

Da nan labarin ya ƙare, da mun sallami ruwa da gargaɗi kawai. Amma bai fita hannu rabbana ba.

Bitamin na rukunin B suna narkewa a ruwa, haka ma fotasiyam. Duk inda ruwan nama ya nufa, suna biye. Wanda ya fi shan wuya shi ne B1, domin bayan bin ruwa, zafi ma yana lalata shi. A doguwar dahuwa tsoka kan rasa kusan rabinsa. B6 da B12 da B3 su ma suna raguwa, ko da yake ba haka sosai ba. Tambayar da ta rage: ina aka kai kayan satar?

Ya danganta da girkin. A farfesu ba su je ko'ina ba, suna cikin romo, kuma romon ake sha. Doguwar dahuwa ma tana narkar da kolajin ɗin nan ya koma cikin ruwan, abin da ke sa romon ƙafa ko na kai ya kama jikinsa idan ya kwana. A tsire da balangu kuwa, abin da ya ɗiga ya zama rabon garwashi, kuma kitsen da ya faɗa wuta yakan dawo hayaƙi ya manne wa nama da sinadaran da likitoci ke gargaɗi a kansu, musamman a gefen da ya ƙone ƙurmus. Gefen nan a yanke shi a yar.

Inda abin ke ci mini rai shi ne ranar suyar layya. A sulala nama tukunya-tukunya, a tsame, a jefa a mai don ya daɗe bai lalace ba. Dabara ce mai kyau a garin da zafi ke da ƙarfi kuma wutar lantarki ba tabbas. Amma ruwan sulalen fa? Idan ya yi yawa, wasu gidaje kwata suke nufa da shi. Ga rago an saye shi da tsada, ga wani kaso na amfaninsa yana bin magudana.

Kada kuma wani ya ce gara a ci nama da sauran jini don a tsira da bitamin. Naman tumaki na cikin waɗanda kan ɗauki ƙwayar cutar toksofilasma, mai haɗari ga mace mai ciki da abin da ke cikinta, kuma dahuwa sosai ce ke kashe ta. Gyaran yana wajen ruwa: a zuba kaɗan tun farko, abin da ya rage a yi miya da shi ko a dafa shinkafa a ranar. Idan ya yi yawa, a bar shi a wuta ba murfi har ya ja baya. Tururin da ke tashi ruwa ne da ƙamshi. Fotasiyam da sauran ma'adinai ba sa bin tururi, a gindin tukunya suke taruwa.