Ƙibɗawan Misra da al'adarsu ta tilawa da tadabburi

Daga cikin al'ummomin Nasara da suka daɗe a duniya, da wuya a sami waɗanda suka saka karatun littafinsu a cikin hidimar yini kamar Ƙibɗawa, watau Kiristocin Misra, waɗanda cocinsu ke danganta asalinta ga Markus mai Linjila, wanda suke cewa shi ya kawo addinin birnin Iskandariyya tun ƙarni na farko. Abin da suke kira ta'ammuli, mu kuwa mu ce tadabburi, a wurinsu aiki ne na leɓe da harshe kafin ya zama aikin zuciya, domin mutum yakan ɗauki aya guda ya yi ta maimaita ta ƙasa-ƙasa, hannunsa na kan sana'a, har ma'anar ta ratsa shi ba tare da ya zauna ya yi tagumi yana nemanta ba.

Asalin al'adar daga hamada ta fito. Antoniyus, wanda suke ɗauka uban ruhubanawa, an haife shi wajen shekara ta 251, ya rasu a 356, kuma labarinsa, yadda Atanasiyus babban limamin Iskandariyya ya rubuta, shi ne ya shiga coci yana saurayi ya ji ana karanta wurin da Almasihu ya umarci wani mawadaci ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta, sai ya ɗauka da shi ake, ya fita ya rabar da gonakin gādonsa ya nufi jeji. Marubucin ya ƙara da cewa ba abin da ake karantawa ya faɗi ƙasa a wurinsa, har ƙwaƙwalwarsa ta tsaya masa a matsayin littattafai. Bayansa sai Bakhumiyus, tsohon soja, wanda ya tara ruhubanawa cikin gida ɗaya a Tabennisi, can kudancin Misra, wajen shekara ta 320, ya kuma kafa musu doka cewa duk wanda ya zo neman shiga, ko da bai san baƙi ba, tilas a koya masa karatu ko yana so ko ba ya so, a ba shi zabura ashirin ya fara haddacewa, kada kuma a sami wani a gidan da bai riƙe Zabura da Sabon Alkawari a ka ba. A zamanin da littafi guda yake cin watanni a hannun marubuci, hadda ita ce hanyar da talaka zai mallaki nassi, wanda ya tashi a ƙasar allo da tawada kuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan haka.

Abin da ya fi jan hankalina a dokar nan shi ne yadda ba ta bar wata kafa ta yini babu tilawa ba. Rahibi in ya ji an busa ƙahon taro, tun daga ƙofar ɗakinsa zai kama karatu har ya isa. Masu kwaɓa gurasa an hana su hira, sai dai su yi ta karanta nassi tare har su gama. Wanda kuwa yake zaune cikin ƙillayarsa, watau ɗan ɗakin kaɗaitarsa, yana da tulin ganyen dabino da ya jiƙa cikin ruwa a gefe guda, yana zaro shi ɗaya-ɗaya yana tufkar igiya ko saƙar kwando, leɓɓansa suna motsi, idonsa na kan saƙa. Da gangan suka zaɓi irin wannan sana'a, saboda hannu yana iya yin ta shi kaɗai ba tare da ya ɗauke hankali ba, ga shi kuma tana korar gyangyaɗi, tana kawo kuɗin gurasa in an kai kwandunan kasuwa. Su da kansu sukan kamanta mai tadabburi da dabba mai tuƙa, wadda takan yi kiwo da hanzari, sa'an nan ta kwanta ta dawo da abin da ta haɗiye ta yi ta niƙa shi a hankali.

Har yau akwai gidajen ruhubanawa huɗu da suka wanzu a Wadin Naɗrun, kwarin da ake haƙar kanwa tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, inda wani rahibi mai suna Makariyus ya fara zama wajen shekara ta 330. Amma abin da ya fito da al'adar daga hamada ya shigar da ita gidajen ma'aurata shi ne wani ɗan littafi da ake kira Ajbiya, wanda bai fi a sa shi cikin aljihu ba. Ya raba yini da dare zuwa lokutan addu'a bakwai, ana lissafin sa'o'insu daga fitowar rana: ta farko da sassafe, ta uku da hantsi, ta shida da tsakar rana, ta tara wajen la'asar, ta goma sha ɗaya da faɗuwar rana, ta goma sha biyu kafin barci, sa'an nan ta tsakar dare, wadda ita kanta kashi uku ce. Kowane lokaci ana buɗe shi da addu'ar godiya da zaburar tuba ta Annabi Dawuda, a bi da zabura goma sha biyu a galibi, da yanki daga Linjila, da roƙon jinƙan Ubangiji sau arba'in da ɗaya, mai addu'a yana tsaye yana fuskantar gabas, yana kai goshi ƙasa a ranakun da aka halatta sujada. An kuma ɗaure kowace sa'a da wani al'amari na rayuwar Almasihu bisa aƙidarsu: ta safe tana tuna tashinsa, ta uku saukar Ruhu Mai Tsarki, ta shida gicciyewa, ta tara mutuwa, ta ƙarshen yini binnewa, ta tsakar dare kuwa jiran komowarsa. Da wannan dabara, zaburar da mutum ya karanta sau dubu takan zo masa da wata fuska dabam gwargwadon lokacin da ya karanta ta.

Ba kowa ke iya cika bakwai ɗin nan ba, kuma ba a ɗora wa kowa. Baƙibɗe mai kula da addini yana da limami guda da yake kai wa iƙirarin zunubansa, yana ce masa Abuna, watau babanmu, shi ne kuma yake yanka masa abin da suke kira ƙanuni, wanda ya yi kusa da abin da muke kira wuridi: zabura kaza da safe, kaza da dare, babi guda na Linjila, sujada kaza. Ɗan makaranta a ba shi kaɗan, mai jego a sassauta mata, tsoho da ya ajiye aiki a ƙara masa, kuma ba a son mutum ya ƙara wa kansa ba da izini ba, don gudun alfahari da saurin gajiya. Bayan karatun akwai halwa, ɗan lokacin da mutum zai keɓe ya zaɓi aya guda daga abin da ya karanta, ya juya ta ta zama addu'a da kalmomin bakinsa, ya tafi da ita wurin aiki. Sai ka ga ma'aikaci cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, ɗan gicciyen da aka yi masa zane a wuyan hannu ya leƙo daga hannun riga, yana bin shafin Ajbiya da ido, ko kuwa a yanzu yana bin sa a wayar hannu, kafin ya iso tasharsa.

Lalle al'adar tana da nata aibi, kuma malamansu ba su ɓoye shi ba. Harshe in ya saba da nassi yakan yi gudu ya bar zuciya a baya, har mutum ya sauke zabura goma sha biyu bai san abin da ya faɗa ba, illa dai ya sauke nauyi. Maganin da dattawan hamada suka bayar shi ne a rage yawa a tsawaita zama a kan kaɗan. Yohana Kasiyan, wanda ya zauna tare da su shekaru kafin ya tafi Marsiliya ta ƙasar Faransa wajen shekara ta 415, ya ruwaito cewa wani dattijo ya hore shi da riƙe aya guda tak ta neman agajin Allah, ya maimaita ta a tafiya da aiki da kan shimfiɗa. Ta hannun wannan mutum ne ruhubanawan Turai suka gaji al'adar, ɗaya daga cikinsu, Benedik, ya sa ta cikin dokarsa a ƙarni na shida. A ganina wannan nasiha ita ce zuciyar al'amarin, sauran tsarin sa'o'i kuwa shinge ne da aka yi don kada shagulgulan yini su cinye ta.

A farkon ƙarni na ashirin gidajen hamada sun kusa zama kufai, sai tsofaffi ƙalilan. Farfaɗowar ta biyo bayan makarantun Lahadi da wani Baƙibɗe mai suna Habib Jirjis ya tsara a 1918, waɗanda suka yaye samari masu ilmin jami'a suka koma hamada, cikinsu har da Matta Miskin, mai haɗa magunguna da ya sake gina gidan Makariyus daga 1969, da Shenuda na uku, wanda ya shugabanci cocin daga 1971 zuwa 2012, yana zama kowace Laraba a babbar cocin unguwar Abbasiyya ta Alƙahira yana fassara nassi yana amsa tambayoyin da jama'a suka rubuto a guntayen takardu. Inda ake ganin ƙarfin al'adar a fili shi ne makon da ke gabanin idinsu na tashin Almasihu, a ƙarshen azumin kwana 55, sa'ad da ake wuni a coci ana karatu. Daren Jumma'a wayewar Asabar sukan kwana a tsaye da zaune, maza da mata da yara, a kunna fitilun mai guda bakwai, a karanta littafin Ru'uya ta Yohana tun daga farko har ƙarshen babi na 22, sa'an nan limami ya shafa wa kowa man fitilun a goshi, a yi sallar safe, a watse kowa ya koma gida ya ci gaba da azumi har daren idi.