La'adar Dillalin Gida a Amurka: Takardar da Ake Cewa Ba Komai Ba Ce

Dillalan gidaje a Amurka iri biyu ne idan aka duba yadda ake biyansu. Akwai dillali mai cikakkiyar hidima, wanda ke ɗaukar aikin tun daga yanka wa gida farashi, ɗaukar hotuna, talla da zagayawa da masu saye, har zuwa ciniki da cike takardu ranar miƙa makulli. Akwai kuma kamfanonin rangwame, masu rage la'ada su rage wani ɓangare na hidimar, ko su karɓi kuɗi yankakke a kan aiki ƙayyadadde. Shekara da shekaru abin da aka saba shi ne la'adar kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin gida, mai sayarwa ya fitar daga abin da ya karɓa, a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye.

A kan wannan batu ne wani saƙon murya ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na Hausawa mazauna Amurka, daga na unguwar Bronx a New York har na Houston. Abin da yake faɗa shi ne, wai kotu ta soke dokar kashi 6, yanzu mai saye ba ya biyan dillali ko sisi, kuma takardar da ake miƙo masa kafin a shiga ganin gida cika ƙa'ida ce kawai, ya sa hannu ya wuce. Saboda haka, in ji saƙon, kowa ya nemi babban dillali tunda kyauta ne, ya guji masu rangwame domin ba su da lasisi, kuma gidan da aka ba su a wulaƙance yake fita.

Maganar soke doka ba ta buƙatar dogon bayani. Ba a taɓa yin dokar da ta yanka la'ada kashi 6 ba, al'adar kasuwa ce. Shari'a dai an yi ta. Ranar 31 ga Oktoba 2023, masu taya alƙali yanke hukunci a kotun tarayya da ke Kansas City, jihar Missouri, sun sami ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, NAR, da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, suka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris 2024 ƙungiyar ta amince da sulhu, za ta biya dala miliyan 418, ta kuma sauya ƙa'idojinta daga 17 ga Agusta 2024. Alƙali Stephen Bough ya tabbatar da sulhun a watan Nuwamba na shekarar. Babu inda aka soke la'ada a cikinsa.

Sauye-sauye biyu aka yi masu nauyi. Na farko, an hana rubuta abin da mai sayarwa zai ba dillalin mai saye a cikin MLS, wato rumbun bayanan da dillalan kowane yanki ke sa gidajen sayarwa. Na biyu, dillalin da ke aiki da wannan rumbu ba zai kai mai saye ganin gida ba sai sun rubuta yarjejeniya a tsakaninsu. Wannan yarjejeniya ita ce takardar da saƙon ya ce ba komai ba ce, kuma nan ne ɓarnarsa take.

Takardar kwangila ce mai cikakken ƙarfi a gaban kotu. Sulhun ya wajabta a rubuta adadin la'adar a fili, ko kaso cikin ɗari, ko kuɗi yankakke, ko kuɗin awa, ba a yarda a rubuta cewa duk abin da mai sayarwa ya bayar shi ke nan ba. Ya wajabta a rubuta cewa doka ba ta yanka la'ada ba, ana cinikinta. Ya kuma hana dillali karɓar fiye da adadin da aka rubuta, daga ko wane hannu kuɗin ya fito. Waɗannan duka kariya ce ga mai saye. Amma a yawancin irin waɗannan takardu akwai layin da ke cewa idan mai sayarwa bai biya ba, ko ya biya ƙasa da abin da aka rubuta, ragowar tana wuyan mai saye. Kuma babu abin da ya tilasta wa mai sayarwa ya biya.

A ɗauki misalin magidanci da ya yi shekaru yana tuƙin tasi, yana tara kuɗi, ya sami gidan dala 400,000. Ya tanadi dala 20,000 na kason farko, da wani abu na kuɗin kammala ciniki. Watanni biyu kafin nan, a ƙofar wani gida, dillali ya miƙo masa waya ya ce ya sa hannu da yatsa, shi kuma ya tuna saƙon da ya ji, ya sa bai duba ba. An rubuta kashi 3. Idan mai gidan ya yarda da kashi 2, akwai dala 4,000 a kansa. Idan mai gidan ya ce ba ya ba da komai, dala 12,000 ne cif, kuma galibi ba a ɗora wannan kuɗi a kan bashin sayen gida, daga aljihu ake fitar da shi ranar kammalawa. Takardar lissafin ƙarshe da doka ta ce mai ba da bashi ya miƙa tana zuwa ne kwana uku na aiki kafin ranar. Wanda sai a nan ya fara ganin adadin, lokaci ya ƙure masa. In ya janye bayan sharuɗɗan janyewa sun wuce, yana iya rasa kafin alƙalamin da ya ajiye.

Akwai wani tarkon da ya fi shafar mutanen da ke zaune cikin jama'arsu. Da yawa daga takardun nan na keɓewa ne, wato duk gidan da mutum ya saya a yankin da aka ambata cikin wa'adin da aka rubuta, dillalin yana da la'adarsa, ko da ba shi ya samo gidan ba. Mutum zai iya jin labarin gida a masallaci bayan sallar Juma'a, su daidaita da mai shi baki da baki, daga baya dillalin da ya sa wa hannu wata huɗu da suka wuce ya zo da takardarsa, kuma yana da hujja. Wasu takardun ma suna da wa'adin bayan ƙarewa, wanda ke bin gidajen da dillalin ya taɓa nunawa. Irin wannan ne ya sa jihar California, daga farkon 2025, ta taƙaita wa'adin yarjejeniyar ga mutum ɗaya zuwa wata uku.

Waɗanda suka gaskata saƙon ba su yi wauta ba. Tsawon shekaru masu saye ba sa ganin la'ada tana fita daga hannunsu, dillalai da kansu sun daɗe suna tallar cewa hidimarsu ga mai saye kyauta ce, har sai da NAR ta hana wannan furuci daga 2022. Ko a yau masu sayarwa da yawa suna biyan dillalin mai saye, domin sulhun bai hana ba, wurin sanarwar kawai ya hana. Alƙaluman da kamfanin Redfin ya fitar bayan sauyin sun nuna la'adar dillalin mai saye tana nan wajen kashi 2.4, ba ta motsa sosai ba. Saboda haka mutum zai iya cewa ƙaninsa ya sayi gida bara bai biya komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ga takarda mai shafuka da Turancin lauyoyi, ga gajiyar aikin dare, ga ɗan uwa da aka yarda da shi ya turo murya da harshen gida. Laifin yana kan wanda ya naɗi muryar. Wanda zai ce wa jama'a su sa hannu a kwangilar dubban daloli ba tare da karantawa ba, ko dai bai taɓa buɗe takardar ba, ko kuma yana da abin da zai samu in an sa hannun. Duk wanda ya kasance a cikin biyun, bai cancanci a saurare shi ba, kuma masu tura saƙon gaba ba tare da tambaya ba suna da nasu kason.

Abin yi a nan a bayyane yake. Ana cinikin adadin kamar yadda ake cinikin la'ada a kasuwar shanu, a taya, a ce albarka, a daidaita. Ana iya neman wa'adi gajere, ko yarjejeniyar gida ɗaya tak, ko wadda ba ta keɓewa, a kuma nemi a rubuta hanyar rabuwa idan ba a ji daɗin aikin ba. Idan an zo tayin gida, ana iya sa sharaɗin cewa mai sayarwa ya biya la'adar dillalin mai saye, ya zama cikin cinikin tun farko. Wanda zai bi ta kamfanonin tsarin Musulunci irin su Guidance Residential ya tambaye su tun da wuri yadda suke lissafa wannan kuɗi. Shiga gidan da aka buɗe wa kowa ranar Asabar ko Lahadi, ko tambayar dillali yadda yake aiki, galibi ba ya buƙatar sa hannu a yarjejeniya. Akwai masu ganin mafita ita ce a tafi kai tsaye wurin dillalin mai sayarwa, amma wannan mutum amanar mai gida ce a wuyansa. Jihohi irin su Florida da Colorado sun hana dillali ɗaya ya zama cikakken wakilin ɓangarori biyu a ciniki guda.

Batun lasisi ƙarya ce tsagwaronta. Kowace jiha tana da hukumar ba dillalai lasisi, mai rangwame da mai cikakkiyar hidima jarrabawa ɗaya suke ci. Redfin, wanda aka kafa a Seattle a 2004, ya yi suna ne da karɓar kashi 1.5 daga mai sayarwa, kuma a 2025 kamfanin Rocket ya saye shi. Ba a ɓoye yake aiki ba.

Maganar farashi ita ce wadda ba a yanke mata hukunci da gaggawa, domin akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Masana uku, Barwick da Pathak da Wong, sun bi gidaje sama da dubu 650 da aka sa a kasuwa a gabashin jihar Massachusetts tsakanin 1998 da 2011, suka gano cewa waɗanda aka yi wa dillalin mai saye tayin la'ada ƙarama sun fi jimawa kafin su fita, damar sayar da su ma ta ragu kaɗan. Bayanin da suka bayar shi ne dillalai na karkatar da masu saye zuwa inda la'ada ta fi tsoka. Wannan cuta ce ta tsohon tsari, ita ce ma aka kai ƙara a kanta, ba shaida ba ce ta gazawar masu rangwame. A ɗaya gefen, binciken da aka yi a birnin Madison na jihar Wisconsin, wanda ya fito a 2009, bai ga ƙarin farashi ga gidajen da aka sayar ta hannun dillalai a kan waɗanda masu su suka sayar da kansu ta intanet ba, sai dai na dillalan sun fi saurin fita. Steven Levitt da Chad Syverson kuwa, da suka duba ciniki kusan dubu 100 a jihar Illinois, sun ga cewa dillali in gidansa ne na kansa yakan bar shi a kasuwa kusan kwana goma fiye da na abokin ciniki, ya sayar da shi da ƙarin farashi na kusan kashi 3.7. Lissafin ba shi da wuya. Ƙarin dala 10,000 a farashi babban abu ne ga mai gida, amma ga dillali 'yan ɗaruruwa ne bayan kamfaninsa ya cire nasa, don haka saurin rufe ciniki ya fi masa riba.

Duk waɗannan bincike-bincike an yi su ne kafin sauyin 2024, kuma kowanne a yanki ɗaya. Abin da suka tabbatar shi ne babu hujjar cewa la'ada mai yawa a kullum tana jawo farashi mai yawa. Ba su tabbatar da cewa hidimar dillali banza ce ba.

Rangwame ma yana da nasa haɗarin, kuma saƙon bai ambaci na gaskiyar ba. Wasu kamfanonin suna karɓar 'yan ɗaruruwan daloli su sa gida a MLS kawai, sauran aikin duka, amsa waya, buɗe ƙofa, karanta tayi, yana kan mai gida. Wasu ana biyansu ko gida ya fita ko bai fita ba. Haka tsarin Purplebricks ya kasance a da, kamfanin Birtaniya da ya shiga Amurka a 2017 ya fice a 2019, aka kuma sayar da shi a gida kan fam 1 a 2023. Wasu dillali ɗaya ke riƙe da abokan ciniki masu yawa, mai buɗe ƙofa daban, mai ciniki daban. Wasu kuma suna mayar wa mai saye wani kaso na la'adarsu bayan ciniki, abin da yawancin jihohi suka halatta amma 'yan kaɗan suka hana.

Wanda ya taɓa saye da sayarwa, yana da lokaci, gidansa kuma yana unguwar da masu saye ke rububi, zai iya tsira da dubban daloli a hannun mai rangwame. A gidan dala 400,000, bambancin kashi 3 da kashi 1.5 dala 6,000 ne. Sabon mai saye, wanda bai saba da binciken lafiyar gini, ƙimar banki da wa'adin sharuɗɗa ba, ko mai sayar da gidan gado daga wata jiha, shi ne wanda dillali mai cikakkiyar hidima zai fi yi wa amfani, muddin ya san nawa zai biya kuma ya yarda da idonsa a buɗe. Sunan kowane dillali da matsayin lasisinsa ana iya duba su kyauta a shafin hukumar jihar da yake aiki, kuma can ake kai ƙorafi. Duk wanda wannan saƙo ya shigo wayarsa, ya tsayar da shi a nan, wanda kuma ya riga ya sa hannu ya nemi kwafin takardar yau, ya duba adadi, wa'adi da layin da ya faɗi wanda zai biya idan mai gida ya ƙi.