Zanen Yatsa Ba Ya Barin Wayarka: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Illela

Tun daga farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ƙamfa har dillalan shanu da masu canjin sefa suka koma ciniki ta waya, wata magana ta bazu a kasuwar Lahadi ta Illela, ta ƙetare iyaka zuwa Birnin Ƙwanni ta dawo, wai duk wanda ya kulle wayarsa da yatsa, to, zanen yatsan nan yana kwance a cikinta kamar hoto, mai gyaran waya na iya kwafe shi ya kwashe abin da ke asusu. Da wannan zato ya tsaya a bakin masu hira, da ban ɗauki alƙalami ba; amma na ga dattawa masu hankali sun cire makullin yatsa, sun maye gurbinsa da lamba 1234, alhali kuwa sun gudu daga rumfa ne sun shiga ruwan sama.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, injin da ke cikin galibin wayoyinmu an gina shi bisa tsarin kamfanin ARM na Ingila, kuma an raba shi gida biyu da wata dabara mai suna TrustZone: akwai waje, inda Android da WhatsApp da manhajar banki suke kai da kawo, akwai kuma amintaccen ɗaki, wanda masana ke kira TEE a taƙaice. Tun daga Android 6, a 2015, Google ya shar'anta wa masu ƙera waya cewa gwada zanen yatsa a wannan ɗaki za a yi shi, ko a wani ɗan guntun inji na daban mai keɓantacciyar hanya zuwa gare shi.

To, mai shubuha zai ce, in ɗakin a rufe yake, ta ina saƙo ke shiga? Amsa ita ce ta zaure, kamar dai gidan kowane mutumin kirki, inda baƙo ke sallama ya faɗi buƙatarsa, maigida ya fito ya ba shi amsa, ba tare da baƙon ya ga turaka ba. Wannan zaure wani yanki ne na ma'adanar aikin waya da ɓangarorin biyu suke tarayya a kansa. Da aka shigar da tsarin TEE cikin ƙwayar Linux, wadda Android ke zaune a kanta, a fitowa ta 4.12 cikin 2017, zauren ƙayyadajje ne, ana keɓe shi tun tashin na'ura, in saƙo ya yi yawa sai a yi cunkoso, kuma dole a kwafi kaya a kai can tukuna. A 2018, cikin fitowa ta 4.16, aka gyara wa tsarin OP-TEE, wani nau'in TEE da ƙungiyar Linaro ke riƙe da shi a lokacin, ta yadda manhaja za ta iya shimfiɗa tabarmarta a nata wuri, ta sa a yi rajistarsa a matsayin zaure na wucin gadi, in an gama a naɗe. Abin lura, wanda masu jita-jita ba su tsaya sun fahimta ba, shi ne duk abin da ake buɗewa ɗin filin waje ne. Katangar ciki ba a taɓa ko tubali ɗaya nata ba, kuma na ciki, da yake an umarce shi da mugun zato ga duk abin da ya zo ta zaure, wajibinsa ne ya bincika kafin ya karɓa. Manhajar banki tambaya kawai take yi, ko wannan yatsan mai waya ne, a ce mata i ko a'a. Abin da aka ajiye na yatsan kuwa an ɗaure shi da mabuɗin da ke cikin injin wannan wayar kaɗai, ko mai gyara ya kwafe shi, tarkace ya kwafa. Zanen da aka ɗauka a banki domin BVN wata mas'ala ce daban, ba ya cikin wayarka tun asali.

Ban ce ginin ɗan Adam ba ya tsagewa ba. Masu bincike sun sha gano ɓaraka a irin waɗannan ɗakuna, kamfanoni suna toshewa. Sai dai ɓarawon da ya cuci maƙwabcinka ba ta nan ya bi ba, ta gafalarsa ya bi. Mutum ya tsaya gaban mai POS, jama'a maƙil, ya miƙa kati, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kamar mai kiran farashin rago, sa'an nan gobe ya ɗora laifi a kan yatsa, wannan ai zalunci ne ga gaskiya.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka mayar da makullin yatsa, ka haɗa shi da lamba mai wuya, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba. Kada ka yi rajistar yatsan yaron shago ko na ɗanka don neman sauƙi, domin ɗakin nan mai amana ne, duk wanda ka gabatar masa zai karɓe shi a matsayinka. Idan za ka ba da gyara, zare layinka ka sa a aljihu, gama da layin ake shiga asusu ko da ƙaramar waya ce. Shi ma layin ka sa masa lambar kulle. Lambar da banki ke turowa ta saƙo, ko wanda ya kira ya rantse da Allah cewa daga hedikwata yake, kada ka karanta masa. Kada ka bari a fasa maka tsarin waya don a sa wata manhajar banza, kuma in saƙon sabuntawa ya zo, ka sayi data ka karɓa, don a cikinsa gyaran ɓarakar yake zuwa. In ka sayi wayar da wani ya yi amfani da ita a kasuwa, share ta ƙaf kafin ka sa asusunka. In taka ta ɓace a hanyar Ƙwanni, kada ka jira ranar Litinin, a take ka sanar da banki da kamfanin layi. Mai nauyin barci kuma a masauki ya kashe wayar ɗungurungum, kada a buɗe ta da yatsansa yana barci, don in ta tashi lamba take nema kafin yatsa.

Ina roƙon shugabannin 'yan kasuwa da limaman Illela su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su karatun boko, musamman dattawan kara, waɗanda kuɗin garke guda ke wucewa ta wayarsu a yini ɗaya.